Lambobi Sun Cika Waya, Ciniki Bai Ƙaru Ba: Wa Ya Kamata A Tura Wa Talla?

"Assalamu alaikum. Ina da shagon taki da iri da maganin feshi a wani gari cikin ƙaramar hukumar Bunkure. Shekara shida ke nan ina karɓar lambobin masu saye, yanzu sun haura dubu a wayata da ta yaron shagona. Bana na biya kuɗi aka tura musu tes gaba ɗaya cewa sabon kaya ya iso, amma ban ga wani bambanci a ciniki ba, har wani ya bugo ya yi mini faɗa. Yanzu kuma wani ya ce zai sayar mini da lambobin manoma dubu goma na Kano da Jigawa. In saya? In ba haka ba, yaya zan gane wanda zan tura wa talla da wanda zan ƙyale?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko ƙarin lambobi zai kawo ƙarin ciniki, da kuma yadda za ka ware waɗanda ke hannunka tun yanzu don tallanka ya riƙa sauka a kunnen mai bukata. Ta farkon amsarta gajera ce, kada ka saya, dalili yana zuwa a gaba. Ta biyun ce mai aiki, a kanta zan fi tsayawa.

Abin da zan faɗa a bakin aiki na koye shi. Na daɗe ina riƙe da littafin shagon kawuna a yankin Kura, daga baya na shiga taimaka wa wasu masu shagunan kayan noma, daga Garun Malam har Auyo, wajen tsara bayanan masu sayensu. Kusan kowa da irin damuwarka yake zuwa. Waya cike da "mai taki", "mai taki 2", "Alhaji mai babur", amma babu wanda ya san wane ne a cikinsu ke noman rani, wane ne ya koma birni, wane ne ya rasu tun bara. Taron tsintsiya ke nan ba shara. Lamba ita kaɗai ba ta da wani amfani a talla, abin da aka rubuta a gefenta shi ne dukiyar.

Abin da ya sa saƙonka ya faɗi ƙasa banza

Dubi yankinku. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam, manoma suka rabu gida biyu. Akwai wanda gonarsa ke shan ruwan kanal, aiki ba ya yanke masa: shinkafa da damina, alkama ko tumatir ko albasa ko masara da rani. Akwai kuma na tudu, mai gero da dawa da wake da gyaɗa, wanda in ya kai amfani gida da kaka, shi da shagonka sai hadari ya sake haɗuwa. Dukansu suna cikin wayarka, kuma magana ɗaya ka yi musu. "Sabon kaya ya iso" bai gaya wa mai tumatir ko akwai maganin da yake nema ba, mai dawa kuwa ko kallon saƙon ba shi da dalilin yi.

A shagon kawuna mun taɓa yin haka. A 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye, mun samo magani muka tura wa duk wanda ke cikin waya. Ranar kasuwa wani dattijo daga ƙauyen tudu ya shigo, ya ɗora 'yar ƙaramar wayarsa a kan buhun yuriya, ya ce jikansa ya karanta masa saƙonmu har sau uku, shi kuwa bai taɓa dasa tumatir ba tun da yake. Ya ce ya riga ya gaya wa yaron, in ya sake ganin sunan shagonmu kada ya wahalar da kansa. Mutumin nan buhu huɗu na takin kamfa yake ɗauka duk damina, kuɗi hannu. Asararmu ba ta tsaya a kuɗin tes ba. Mu da kanmu muka koya masa ya daina sauraronmu, kuma ranar da muke da maganar da ta shafe shi mun tarar da ƙofa a rufe.

Akwai kuma dalilan da ba su shafi kalamanka ba. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba kowa damar tura kalmar STOP zuwa 2442 don a daina aiko masa da saƙonnin talla, kuma duk layin da aka rufe ta haka, tes ɗin talla da ake turawa a jumlace ba ya shiga. Sai layukan da suka mutu. Daga ƙarshen 2020 da aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, an toshe layukan mutanen karkara da yawa, wasu ba su bi ta kai ba, sabo kawai suka saya. Layin da ya daɗe a kwance kuma kamfani kan sake sayar wa wani. Lambar da ka karɓa shekara shida da suka wuce tana iya kasancewa yau a hannun wani a Fatakwal wanda bai san inda Bunkure take ba, kuma ba mamaki irinsa ne ya bugo maka faɗa. Ga kuma batun karatu: da yawa daga cikin manyan masu sayenka malamai ne a karatun allo, amma rubutun boko sai an karanta musu. A ƙarshe akwai tsoro. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, gwamnati ta fara aiko da tallafin taki ta saƙon waya, manoma suka saba da cewa tes na iya zama alheri. Daga baya 'yan damfara suka cika waya da saƙonnin ƙarya, har ta kai saƙon da bai zo da sunan wanda aka sani ba, gogewa ake yi.

Fara da littafin bashi

Jerin masu saye mafi inganci da kake da shi ba a waya yake ba. Yana cikin littafin bashi da kwafin rasit. A nan ka riga ka rubuta wane ne, daga wane gari, me ya ɗauka, yaushe, ya biya ko bai biya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wanda ya taɓa ƙirga kuɗi ya miƙa maka ya fi baƙo ɗari kusa da sake yin haka.

Ka sami babban littafi mai bango mai kauri, irin na rajistar makaranta, ka ja layuka gida-gida. Mutum ɗaya, layi ɗaya. Gidan farko suna da sunan uba ko laƙabin da aka san shi da shi, domin a gari ɗaya kana iya samun masu suna ɗaya su bakwai. Sai gari ko unguwa, sai lamba. Daga nan ne aikin gaske ke farawa: wayar tasa ce ko ta wani ce, ƙarama ce ko babba mai WhatsApp, yana karanta boko ko sai an karanta masa, me yake nomawa da damina, me yake nomawa da rani, yaushe ya yi saye na ƙarshe, kuma ya yarda a riƙa sanar da shi ko bai yarda ba. Girman gona kada ka tambaya kai tsaye, ba kowa ke son faɗa ba, wanda ya faɗa ma ba lallai ya faɗi daidai ba. Yawan buhun takin da yake ɗauka ya ishe ka awo.

Kada ka tsare mutum da tambayoyi goma rana ɗaya kamar ma'aikacin ƙidaya. Rabin gidajen nan kai da kanka za ka cike su daga abin da yake saye, sauran kuma cikin hira, yau ɗaya gobe ɗaya. Sannan ka fito fili ka ce littafin shago ne, ba na gwamnati ba ne, ba na tallafi ba ne. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Da zarar an yi zaton sunayen tallafi ake rubutawa, za a kawo maka lambar mata da 'ya'ya da surukai, littafi ya kumbura da mutanen da ba za su taɓa sayen ko kwalba ɗaya ba, daga baya kuma a riƙa tambayarka ina rabonsu.

Gidan nan na "wayar wane ne" shi ne wanda aka fi rainawa, kuma shi ya fi jawo ɓacin rai. A wani shago da na taimaka wa, akwai matar aure mai ajiye wake, duk kaka takan aiko yaro ya sayo mata buhunan ajiya masu ruɓi uku, dozin-dozin. Lambar da aka bayar ta maigidanta ce, amma sunanta aka rubuta. Yaron shago ya tura saƙo da sunanta ɓaro-ɓaro, bayan sallar isha'i. Washegari mijin ya zo, bai ɗaga murya ba, ya dai ce a goge lambarsa. Daga ranar ba a sake ganin ɗan aikenta ba. Da an rubuta "wayar maigida" a gefe, da saƙon da rana zai tafi, da sunan maigidan, a ce a sanar da mutanen gida buhuna sun iso. Mata masu saye ne na gaske a karkara, masu kiwon kaji da awaki, masu turara shinkafa, masu ajiye hatsi, amma sau da yawa hanyar da ta fi dacewa a kai musu labari ita ce ta bakin uwar adashi ko shugabar ƙungiyarsu.

Haka kuma ka bambance mai biya da mai zaɓa. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa a birnin Kano ya karɓi hayar gona a yankinku, shi ke turo kuɗi, amma mai kula da gonar shi ke cewa wane iri, wane magani. Labarin farashi na mai kuɗin ne, labarin isowar kaya na wanda ke gona ne. Masu hayar nan kuma ba su da tabbas, bana suna nan, baɗi sun koma Haɗeja, don haka sunansu yana son dubawa duk shekara.

In kana da kwamfuta, ko babbar wayar da za ta buɗe Excel ko Google Sheets, ka kwashe littafin ka zuba a jadawali, domin a can tacewa ba ta wuce danna abu biyu ba. Amma akwai tarko uku. Jadawalin yakan cinye sifirin farkon lamba, lamba mai gida 11 ta koma 10, sai an saita gidan ya ɗauke ta a matsayin rubutu. Na biyu, lamba ɗaya tana iya shiga sau biyu, sau ɗaya da sifiri a gaba, sau ɗaya da +234, ka biya kuɗin tes biyu, mutum ya sha damu biyu. Na uku, rubutun suna. In ka rubuta Garun Malam a nan, G/Malam a can, Garin Malam a gaba, a wurin kwamfuta garuruwa uku ne. Ka tsayar da rubutu ɗaya ga kowane gari da kowane amfanin gona. In kuwa babu kwamfuta, littafin ma ya isa: ware wa kowane gari shafukansa, ka sa jan biro a gefen masu rani.

Tankaɗe da rairaya

Kafin kowane saƙo, tambaya ɗaya nake sa mai shago ya yi wa kansa: wa ke bukatar wannan kayan cikin mako biyu masu zuwa, kuma zai iya zuwa ya ɗauka? A ce irin alkama ya iso maka a farkon Nuwamba, shuka kuwa daga tsakiyar watan ake farawa in sanyi ya sauka. Ka fara fitar da masu rani. A cikinsu ka ware waɗanda suka yi alkama bara ko suka ce bana za su yi. A cikin waɗannan ka cire waɗanda garinsu ya yi nisa da kai, ka cire layukan da ba sa shiga, ka cire wanda bai ba da izini ba. Dubun nan taka tana iya komawa sittin. Kada gabanka ya faɗi, sittin ɗin su ne kasuwar alkamarka, sauran daman ba nasu ba ne.

Daɗin abin yana gaba. Tunda ka rubuta ranar da kowa ya ɗauki iri, ka san kusan ranar da ya shuka, ka kuma san lokacin da zai bukaci yuriya bayan 'yan makonni. Saƙon da ya iso a daidai wannan gaɓa, manomi ba ya jin sa a matsayin talla, tunatarwa ce daga wanda ya san halin gonarsa. Haka yake ga maganin ciyawa kafin saukar damina, da maganin ƙwari lokacin da wake ya fara fure, da buhunan ajiya bayan an ɗebe shi. Kalandar gona ita ce rariya ta farko, kuma kai ka fi kowane mai kwamfuta saninta.

Rariya ta biyu halin saye ne: yaushe ya zo na ƙarshe, sau nawa yake zuwa, nawa yake kashewa. Rukunin da na fi so a kula da shi su ne waɗanda da suna zuwa a kai a kai, sai suka ɓace damina ɗaya da rani ɗaya. Waɗannan ba tes ake tura musu ba, kira ake yi, a gaisa, a tambayi iyali da gona. Cikin hirar za ka ji dalili. Wani ragowar bashi ne ya sa yake jin nauyin haɗa ido da kai, wani maganin da ya saya ne bai yi masa aiki ba ya yi shiru ya sauya shago, wani kuwa rashin lafiya ce ta kwantar da shi. Kowanne da maganinsa daban, kuma babu wanda saƙon jumla zai warkar.

Sai mutanen da lambarsu ɗaya take tsaye a madadin ashirin: samari masu goyon injin feshi suna bi gona-gona, shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwan kanal, sarkin noma, da ƙananan masu tebur a ƙauyuka da ke sara a wurinka. Mai feshi musamman, sau da yawa shi ke gaya wa mai gona sunan maganin da zai sayo. Ba su da yawa, shafi ɗaya ya ishe su, kuma a kansu ne karin maganar nan ta fi zama daidai, zuwa da kai ya fi aike.

Ranar kasuwa ma rariya ce. Wani da na yi aiki da shi a Jigawa yana kai kaya Maigatari ranar Alhamis, masu sayensa yawanci manoman riɗi ne. Ya ware waɗanda ke cin wannan kasuwar, yana sanar da su tun Talata abin da zai zo da shi da inda zai kasa, don su taho da kuɗinsa a ware.

Tacewa kuma ta haɗa da sanin wanda za a ɗaga wa ƙafa. Lokacin ambaliyar 2022 da ta shafe gonakin shinkafa a kwarin Haɗeja, wanda ya tura wa mutanen Auyo tallan taki a makon da ruwa ya ci gonakinsu ya nuna bai san halin da suke ciki ba. Jaje ya kamata, talla ya jira. Haka gidan da aka yi rasuwa. Maganar bashi kuwa kada ta taɓa haɗuwa da talla a saƙo ɗaya, kuma kada a tura ta wayar da ba ta mai bashin ba.

Ta wace hanya za a aika

Ga mai ƙaramar waya da ke karatu, tes ne. Shafin tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma akwai abin da ya shafi mu masu rubuta Hausa wanda ba kowa ya sani ba. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin haruffan tes na asali. Da zarar ɗaya ya shiga, shafin ya koma harafi 70, saƙon shafi ɗaya ya zama uku, kuɗi ya ninka, wasu ƙananan wayoyin ma akwati-akwati za su nuna. Alamar naira ma haka take, gara ka rubuta N. Don haka a tes ana rubutawa ba lanƙwasa, amma a kauce wa kalmomin da ma'anarsu za ta rikice, irin su ƙasa da kasa, ko ɓata da bata. Ka fara da sallama da sunan shagon da aka san ka da shi da inda yake, sai kaya ɗaya tak, da farashi in ka tabbata ba zai motsa kafin mutum ya iso ba, da lambar da za a kira, domin sunan da masu tura tes a jumlace ke sa maka a sama ba ya wuce harafi 11 kuma ba a iya mayar masa da amsa. Ka rufe da cewa wanda ba ya so ya faɗa a daina.

Ga mai babbar waya, saƙon murya ya fi komai aiki a karkara. Muryarka ce, an san ta, ba a bukatar mai karantawa, kuma ɗan damfara ba zai iya aronta cikin sauƙi ba. Kada ya kai minti ɗaya, saboda data da caji. WhatsApp yana da tsarin watsa saƙo ɗaya ga mutane har 256 a jeri guda, kowa ya karɓa shi kaɗai, amma sai wanda ya ajiye lambarka a wayarsa ne zai samu. Shi ya sa tun a shago ake cewa mutum ya ajiye lambar, ko yaronka ya ajiye masa. In ka sauke WhatsApp Business za ka iya liƙa wa kowane suna alama, wannan na alkama, wannan na tumatir, wannan mai feshi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kwashe masu saye a zuba su zaure ɗaya ba da saninsu ba. Kowa zai ga lambar kowa, har ta matan mutane, kuma kafin mako biyu zauren ya koma na siyasa da gaisuwar Juma'a. Yawan tura wa waɗanda ba su san ka ba kuma yana sa su kai ƙararka, a rufe maka layin WhatsApp ɗin gaba ɗaya.

Lokacin aikawa: da yamma bayan la'asar, an dawo daga gona, ko tsakanin magariba da isha'i. Ban da dare, ban da lokacin Juma'a.

Lambobi dubu goman nan

Tambayi mai sayarwar inda ya samo su, ka ga yadda zai yi ta kwana-kwana. Irin waɗannan yawanci daga rajistar wani shirin tallafi ko ƙungiya ko wani ofis aka kwafo su. Masu su sun bayar ne don wata bukata daban, ba su san kai ba, ba su yarda a sayar ba. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai, NDPC. Dokar ta ɗauki suna da lambar waya a matsayin bayanan mutum, ta ce yin shiru ba izini ba ne, ta ba mutum damar janye izininsa, ta kuma ce in ya ƙi a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya, dole a daina. Ko ba doka ma, mu a wurinmu wannan amana ce. Wanda ya ba da lambarsa don a kira shi ranar rabon taki bai ba da ita don ta zama haja ba.

Ta fuskar ciniki ma asara ce. Lambobi ne tsirara, babu gari, babu amfanin gona, babu tarihin saye, wato irin matsalar da kake ciki yanzu sau goma. Manomin Kazaure ko Gwaram ba zai hau mota ya zo Bunkure sayen buhu ɗaya ba. Kuma wanda ya sayar maka, gobe maƙwabcinka zai sayar wa. In sababbin masu saye kake nema, kuɗin nan ya fi amfani a sanarwar rediyo, ko mai shela ranar kasuwa, ko gonar gwaji a bakin hanya inda mutane za su ga irinka da idonsu. Duk wanda ya zo ta waɗannan hanyoyin, sai ka rubuta shi a littafi da yardarsa.

Neman yardar ba wani dogon abu ba ne. Kana ɗaure masa kaya a babur ka ce, "Baba, in irin alkama ya iso in sanar da ku a waya?" In ya ce to, ka sa alama da kwanan wata. In ya ce a'a, ka rubuta a'a, kada ka goge sunan, domin in ka goge wata rana yaronka zai sake shigar da shi. Tsofaffin lambobin da ke wayarka kuma, duk wanda ya shigo shago a tambaye shi, wanda ya daɗe bai zo ba a kira shi sau ɗaya. Naka littafin ma kada ka sayar, kada ka ba da aro. Lokacin zaɓe za a zo maka da magana mai daɗi a ce lambobin manoma kawai ake so. Ranar da mutane suka gane daga shagonka lambarsu ta fita, ba za su sake ba ka ta gaskiya ba.

Yadda za ka san ko yana aiki, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Duk wanda ya zo sayen kayan da ka yi wa talla, a tambaye shi wa ya gaya masa, a sa ɗigo a gefen sunansa in saƙo ne ya kawo shi. In kana son ka ƙara tabbatarwa, ɗauki garuruwa biyu masu kama da juna, ka tura wa ɗaya ka bar ɗaya, ka kwatanta cinikinsu bayan mako biyu. Awon ba zai fita cif-cif ba, domin a ƙauye labari ba ya tsayawa a wayar da ya sauka, mutum ɗaya ya ji, majalisa ta ji, masallaci ya ji. Amma zai nuna maka inda iska ta dosa.

Wannan tsari ba ya gyara farashin da ya fi na kasuwa, ba ya sa wa manomi kuɗi a aljihu a shekarar da amfani ya yi araha, kuma in maganin jabu ne ya shigo shagonka, saƙo sai dai ya hanzarta yaɗa sunanka da shi. Abin da na bayyana na shago ne irin naka, mai mutum ɗari zuwa 'yan dubbai, wanda maigida ya san fuskar yawancinsu. Babban dila mai rassa a garuruwa yana bukatar manhaja ta musamman da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Sannan kakar farko wahala ce kusan zalla, rubutu da kira da gogewa. Sai littafin ya zagayo shekara, ya ga damina ya ga rani, kafin ya fara gaya maka abin da ba ka riƙe a ka ba.

Akwai abu ɗaya a tambayarka da nake so ka fara da shi tun wannan makon. Ka ce wasu daga cikin lambobin suna wayar yaron shagonka. In wayar ta faɗa kanal, ko aka sace ta a kasuwa, ko yaron ya tashi buɗe nasa shagon, sun tafi ke nan. Ku zauna da shi da yamma in ciniki ya lafa, yana karantowa kana rubutawa, kuna tuna wa juna wane ne wane da abin da yake nomawa. Wanda ku biyun kuka kasa tunawa, a sa masa alamar tambaya a kira shi. Sannan ka sayi layi ɗaya na shago da sunanka, ya zama shi kaɗai ake kiran masu saye da shi, littafin kuma ya riƙa kwana a akwatin da kake kulle kuɗi.